Masu hawan tsauni, a taimaka da shawara kan lakar Rwenzori

Baƙon Tsauni: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah waɗanda suka taɓa hawa Rwenzori na ƙasar Yuganda ina neman shawararku. Ina shirin zuwa in Allah ya yarda, ba ƙololuwa na nufa ba, dajin nan da gansakuka ta lulluɓe itatuwansa nake son in gani da idona. Duk wanda na tambaya sai ya fara min da maganar laka. Wane takalmi zan nema, kuma wane wata ya fi dacewa?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya suka gaya maka, lakar wurin ba ta wasa ba ce, akwai inda in ka kuskure taku za ka nutse har gwiwa. Ka nemi takalmin roba mai dogon wuya, wanda ƙasansa ke da haƙora sosai, ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka don safa mai kauri ta samu wuri. 'Yan jagora da 'yan dakon wurin, mutanen Bakonzo, shi za ka ga suna sawa kuma sun fi kowa sanin hanyar. Lokaci kuwa Yuni zuwa Agusta ko Disamba zuwa Fabrairu, nan ne ruwa ya fi sauƙi, amma sauƙi na ce, ko a lokacin ma ana ruwa.

Mai Sandar Tafiya: Yaya ka yi haƙuri ni dai a nan na ɗan saɓa da kai. Takalmin roba ba ya riƙe idon sawu, in kana gangara a kan saiwoyi masu santsi ƙafa tana yawo a ciki, nan da nan sai targaɗe ko bororo. Na fi son takalmin hawa na sosai mai igiya, a ɗaura masa abin nan da ake rufe ƙwauri da shi don kada laka ta zuba ta sama.

Yaya Babba: A kan dutse da busasshiyar hanya maganarka haka take. Amma ka shiga fadamar Bigo da ke kan hanyar hawan da shi ka gani, ruwa zai shiga ta wuya kuma in ya jiƙe ba zai bushe ba har ku sauko, saboda iskar wurin kanta a jiƙe take. An shimfiɗa katako a wani ɓangare na fadamar, ba ko'ina ba. Ƙanena Baƙon Tsauni ya tafi da duka biyun in zai iya, na roba da rana, ɗayan a jaka cikin leda.

Hajiya Mai Tsirrai: Ƙanena tunda dajin kake so bari in gaya maka abin da za ka tarar. In ta hanyar ƙauyen Nyakalengija kuka tashi, ranar farko daji ne mai dogayen itatuwa har masaukin Nyabitaba, daga nan sai gora ta karɓa, to wajen mita 3,000 zuwa sama nan ne abin yake, itatuwa a murmurɗe, gansakuka ta naɗe kowane reshe, kore da ruwan ɗorawa har da mai ja-ja, ƙasa ma ita ce, duwatsu ma ita ce, hazo na shiga yana fita. Dalilin kuwa gajimare ne ke zama a daidai wannan tsayin kusan kullum, ita kuma gansakuka ba ta da saiwa irin ta sauran tsirrai, da jikinta take shan ruwa kai tsaye daga iska, ta riƙe shi kamar soso tana sakinsa a hankali. Shi ya sa ƙasa ba ta bushewa. Ga sanyi da ke hana ganye ruɓewa da wuri, sai ya taru ya zama baƙin taɓo mai zurfi. Ruwan da ke tsiyaya daga nan yana cikin wanda ke ciyar da kogin Nilu.
Roƙona ɗaya, kuma wallahi da gaske nake: in ka iske caɓi a tsakiyar hanya ka bi ta cikinsa ko ta kan itacen da aka jera, kada ka ratse gefe don gudun ɓata wando. Kowa in ya ratse sai hanya ta yi ta faɗi, gansakukar da aka tattake kuma tana daɗewa ƙwarai kafin ta dawo. Kada kuma ka ɓanɓaro ta don tsaraba. Tun 1994 UNESCO ta sa gandun dajin Rwenzori cikin wuraren gado na duniya.

Baƙon Tsauni: Allah ya saka da alheri Hajiya, na ɗauka. To batun tufafi fa?

Malam Ɗan Jakar Baya: Auduga ka manta da ita gaba ɗaya, har singileti da safa. In ta sha gumi ko ruwa manne maka za ta yi ta janye ɗumin jikinka, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga jiƙa ga iska, a nan ne sanyi ke kayar da mutum ko da ba ƙanƙara. Ka nemi na ulu ko na roba-roba masu saurin bushewa, rigar ruwa da wandonta. Kaya kashi biyu za ka yi, na tafiya da na kwana. Na tafiya ko da danshi da safe haka za ka daure ka mayar, na kwana kuwa kada ka kuskura ka fita da su, su zauna a leda a ɗaure. Babbar leda a cikin jaka ta fi murfin da ake sa wa jaka ta waje amfani. Waya da tocilan goshi su ma leda.

Mai Sandar Tafiya: Sanda kada a manta. Ka riƙa caka ta gabanka kafin ka taka, a ƙarƙashin laka sau da yawa akwai saiwa ko dutse da za ka dogara a kai. Jiƙaƙƙen icce kuma kada ka taka shi a karkace, ka sa ƙafa ta gicciye shi, taku gajere gajere. Reshen da gansakuka ta rufe kada ka sakar masa nauyinka sai ka jijjiga shi, wani ya ruɓe ta ciki.

Anti Nas: Ni ta fannin lafiya zan yi magana. Daga wajen mita 2,500 ciwon tsayi na iya kama kowa, ƙarfin jiki ba ya hana shi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci. In ka ji su ka gaya wa ɗan jagora, kada ka ƙara hawa a ranar, in ya tsananta maganinsa sauka. Duk dare ka wanke ƙafa ka shanya ta ta bushe sosai kafin ka sa busasshiyar safa, inda ka ji ya fara zafi ka manna filasta tun bai yi bororo ba. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ma ka tanada.

Yaya Babba: Madalla Anti. Ƙanena abu na ƙarshe daga gare ni, cikakken zagayen kwana 7 zuwa 8 ne ga masu nufin Margherita, ƙololuwar da ke da mita 5,109, amma kai da daji kake so akwai gajerun tafiye-tafiye ta ɓangaren Kilembe kusa da Kasese. Ka tambayi masu shirya tafiyar ko zangon zai kai ka yankin gansakuka, don wasu a dajin ƙasa suke juyowa.

Baƙon Tsauni: Na gode ƙwarai Yaya, wannan tambayar zan fara yi musu. Takalmin robar a can zan nema ko in taho da shi?

Yaya Babba: Taho da naka, ka yi ta yawo da shi tun yanzu da safar da za ka sa a can, ƙafarka ta saba.