Bayan Hilux ya zauna bayan an ɗora mata ɗakin kwana

Baban Ilham (Gwallameji): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Hilux gare ni mai ƙofa huɗu, ƙirar 2012. Na sa mai walda ya ƙera mini ɗan ɗaki a bayanta, da katifa da tankin ruwa da sola a rufi, saboda nakan yi kwana uku huɗu a gona wajen Alkaleri lokacin girbi, kuma ina so in kai iyali Yankari da Mambila idan an yi hutun makaranta. Ɗaki ya yi kyau, sai dai tun ranar da aka ɗora shi bayan motar ya zauna. Jiya na je Dindima na dawo don gwaji. Duk ramin da na faɗa sai in ji kwam a ƙarƙashi, sitiyari ya yi sakayau, da dare kuma masu tahowa sai walƙa mini fitila suke yi alhali ban ɗaga tawa ba. Sifirin zan ƙara, wato fallayen ƙarfen nan da ke riƙe da bayan motar, ko shoka mai hana tsalle zan canza?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ƙara falle biyu kowane gefe, magana ta ƙare. Haka masu a-kori-kura 'yan kasuwar ƙauye suke yi, suna ɗaukar buhu ashirin ba ta ko gezau.

Oga Makanike (Fadaman Mada): Ɗan Auta, tana gezau, ba ka dai zo garejina ka gani ba ne. Alhaji, kafin ka sayi ko noti ɗaya, faɗa mana nauyin ɗakin nan. Tankin lita nawa ne, kuma a ina aka zaunar da shi?

Baban Ilham: Gaskiya ban auna ba. Tanki lita 200 ne, yana can ƙarshe kusa da ƙofar baya don sauƙin ɗiba. Batir biyu manya suna gefensa. Janareta ƙarami da tayar safaya ta biyu na rataye su a waje.

Injiniya (Yelwa): To Alhaji, ai ka gama faɗin ciwon da bakinka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankin kaɗai kilo 200. Batirin sola babba mai ruwa yakan kai kilo 60, kana da biyu. Duk kuma ka jibge su a bayan tayoyin baya, wurin da ya fi ko'ina cutar da mota. Tsakanin tayar gaba da ta baya a irin motarka mita 3 ne da ɗan kai. Idan ka sa kilo 100 a nisan mita ɗaya bayan aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, aksul ɗin ba kilo 100 yake ji ba, wajen 132 yake ji, gaba kuma ya rasa 32. Kamar tabarya ce ka ɗora a kan turmi ka danne gefe ɗaya, dole ɗayan ya tashi. Shi ya sa sitiyarinka ya yi sakayau, shi ya sa fitilarka take haska idon mutane maimakon kwalta.

Abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe: sifirin mai ƙarfi yana ɗaga mota ne kawai, ba ya ƙara mata iyakar abin da za ta iya ɗauka. Aksul da boris ɗin taya da birki da shasi, wato ƙarfen da bodi yake zaune a kai, suna nan yadda kamfani ya yi su. Hilux mai ƙofa huɗu kusan tan ɗaya take ɗauka, wasu ma ba su kai ba, kuma a ciki ake lissafa direba da fasinja. Akwai ɗan allo a jikin motar, ko a littafinta, da aka rubuta iyakar nauyin. Ka je wurin da ake auna tirelolin hatsi, ka hau sikeli da motar gaba ɗaya, sannan ka hau da tayoyin baya kaɗai.

Tsohon Direba (Jekadafari, Gombe): Injiniya Allah ya yi maka albarka. Ni da idona na ga Hilux ta karye a tsakiya, daidai inda gidan direba ya rabu da bodi, a kan hanyar Numan. Mai ita ya yi mata dogon akwati ya zarce baya, ya ƙara sifirin har ta miƙe tsaf, ya ɗauka ya gama. Gargada da ramuka suka yi ta lanƙwasa shasin a hankali har ya buɗe baki kamar an sa almakashi. Allah ya taƙaita ba gudu yake ba.

Mai Sola: Ni kuma abin da zan ba da shawara shi ne balan-balan ɗin iska da ake sa wa tsakanin aksul da shasi. Akwai na Firestone, akwai na Air Lift. Ka ɗora ɗaki ka ƙara iska, ka sauke ka rage. Na sa wa tawa shekara biyu ke nan, ina kai fanel da batir har Azare da Misau lafiya lau.

Oga Makanike: Mai Sola, kai a kwalta kake, kuma kayanka a tsakiyar bodi suke zama. Sifirin a wuri biyu yake riƙe da shasi, gaba da baya, nauyi ya rarrabu. Balan-balan kuwa wuri ɗaya yake tokarewa, kuma ba wurin da aka yi don ɗaukar kaya ba. Idan aka cika shi da iska don ya ɗaga irin lodin Alhaji, aka shiga hanyar gona, abin da Baba ya gani a hanyar Numan ne zai faru. Ga ƙaya da tsakuwa, tiyo ɗaya ya huje a daji ka zauna. Taimako ne shi, ba jigo ba.

Maman Hanifa: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in sa baki, wayar maigida ce muke karantawa tare. Shi ma ya taɓa ƙara falle biyu, an ciro su daga wata babbar mota. Da kaya babu laifi, amma ranar da babu kaya wallahi kamar a kan jaki kake. Daga Bauchi zuwa Darazo yaran nan biyu suka yi amai, ni kuma kwana biyu ina fama da baya. Tunda ka ce za ka ɗauki iyali, ka yi tunaninsu.

Baban Ilham: Na gode Hajiya, wannan ma abin dubawa ne. Injiniya, na je sikeli yau da safe, tanki cike, ni kaɗai a ciki. Motar gaba ɗaya ta haura iyaka da kilo 150. Aksul ɗin baya kuma ya haura da 240. Ban sa uwargida da yara uku ba, ban sa kayan abinci ba. Jikina ya yi sanyi.

Injiniya: Gara da ka gani a sikeli. Ka koma wurin mai waldarka. Tanki ya dawo lita 80, a zaunar da shi a ƙasa jingine da gidan direba, gaban aksul. Batir ɗaya ya isa fitila da fanka da cajin waya, idan da hali ka sayi na litiyam, ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Janareta da tayar nan ta biyu su sauka daga baya. Idan da farantin ƙarfe aka rufe jikin ɗakin, a kwance shi a sa alminiyam. Sai ka sake aunawa da iyalin a ciki.

Oga Makanike: Daga nan ne aikina zai fara. Idan ɗakin zai zauna a kan motar dindindin, cikakken sifirin za a sa, wanda aka yi don kaya na kullum, ba kwashe-kwashe ba. Old Man Emu da Ironman da Dobinsons duk na Ostireliya ne, kuma suna rubuta nauyin da aka yi kowanne dominsa, misali na kilo 300 ko na 600. Ka zaɓi wanda ya yi daidai da ɗakinka, kada ka ce bari in ɗauki mafi ƙarfi. Sai an yi oda ta Legas ko Abuja, kuma da tsada. Idan aljihu bai kai ba, a nemo sifirin Hilux mai lafiya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a ƙara dogon falle ɗaya mai faɗi daidai da nata. Kada ka yarda a gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi, ƙarfen mutuwa yake yi.

Shoka ba ya ɗaukar kaya, tsalle yake hanawa, amma dole a canza shi tare, don tsohon ba zai iya da sabon sifirin ba, ɗakin zai riƙa rangaji a kwana. Bushin, wato robobin bakin sifirin, sababbi. Yu-bol, ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul, sababbi, ba a mayar da tsoho. Bayan tafiyar kamar kilomita 500 ka dawo in sake ɗaure su.

Sai abu ɗaya da yawancin yaranmu suke mantawa. Wasu Hilux ɗin suna da ɗan bawul na birki a ƙarƙashi, da sanda da ta haɗa shi da aksul. Idan baya ya zauna, yana ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka ɗaga motar da sabon sifirin ba ka saita shi ba, sai ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin. Zan leƙa in ga ko taka tana da shi.

Mai Faci (Muda Lawal): Oga kun bar taya a baya. Alhaji duba gefen tayarka, akwai lamba bayan girmanta, ta nauyin da za ta iya ɗauka. Lamba 106 na nufin kilo 950 kowace taya, 112 kuma kilo 1,120. Nemi mai alamar LT ko C, gefenta ya fi kauri. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Da yawa daga tayoyin Beljiyam tsufa ya cinye su ko da zanensu na nan. Iska kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi.

Tsohon Direba: Yankari ba matsala, daga Dindima ka karya kwana, a hankali za ka isa sansanin Wikki da ke cikin Yankari. Mambila ce abin shiri. Ta Gombe za ka bi, Numan, Jalingo, Bali, Serti, daga Mayo Selbe hawa ya fara, kwana a kan kwana. Hawan ba ya ba ni tsoro kamar saukowa. Ka sa giya ta biyu, injin ya riƙe motar, kada ka kwanta a kan birki. Kuma ka zubar da rabin ruwan tankin kafin ka fara gangarowa, ruwa ba ya wuya a can.

Baban Ilham: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da mai walda, gobe zai fara kwance tankin. Oga, idan na sake aunawa zan turo maka lambobin kafin a yi odar sifirin.

Oga Makanike: Turo da na gaba da na baya daban-daban. Ka kawo ta ranar Asabar bayan azahar, da ɗakin a kai, in auna tsayin kowane gefe kafin mu kwance komai.