Me za mu kira irin wannan fim da Hausa?

'Yan'uwa masu kallo da masu fassara, akwai nau'in fim da Turawa ke cewa "survival thriller", wato fim ɗin da mutum ke fafutukar kuɓuta daga mutuwa, kuma har yau ba mu tsayar masa da suna ba. A muhawarar da muke yi a kai, wasu sun kawo sunaye, ni ma ina da nawa. A wajen masu tura fim a waya ana cusa shi cikin "na yaƙi" ko "na ban tsoro", alhali ba ko ɗaya ba ne.

Bari mu ɗauki Deliverance na 1972, wanda John Boorman ya ba da umarni, mu auna kowace kalma da shi. Mutum huɗu daga birnin Atlanta suka shiga kwale-kwale biyu don su bi wani kogi a ƙungurmin daji kafin a datse shi da dam. A kogin Chattooga aka ɗauki yawancinsa, kan iyakar jihohin Jojiya da Karolina ta Kudu a Amurka. Wasu mutanen tsauni suka ci zarafinsu, ruwa ya kifar da su, Lewis, wanda Burt Reynolds ya fito a matsayinsa, ya karye a ƙafa, wani ɗaya kuma ya mutu. Uku suka dawo.

Wani ɗan'uwa ya kawo "fim ɗin ban tsoro". Wannan mun riga mun ba wa na fatalwa da aljanu, kuma nan babu aljani ko ɗaya. "Fim ɗin ceton rai" kuwa yana nuna wani ne zai zo ya cece ka, su kuma waɗannan babu mai zuwa. Wani malami da ya ce "fim ɗin tsira" ya fi kusa, don sunan fim ɗin ma kuɓuta yake nufi. Sai dai kunnen Bahaushe in ya ji "tsira" ita kaɗai, wa'azi yake fara tunawa, kuma kalmar ba ta ɗauke da faɗuwar gaban da mai kallo ke ji.

Ni shawarata "fim ɗin sha-da-ƙyar". Kowa ya san "ya sha da ƙyar": mutuwa ta kai hannu, mutum ya kuɓuce, amma ba lafiya lau ba. Ƙyar ɗin nan ita ce fim ɗin gaba ɗaya. Ed, ɗaya daga cikinsu, wanda Jon Voight ya fito a matsayinsa, ya hau dutse da dare da kwari da baka, ya yi kisa, ya ɓoye wa hukuma gaskiya, ya koma gida yana mafarkin hannun gawa na tasowa daga ruwa. Ya kuɓuta, amma bai huta ba. Ginin kalmar kuma namu ne, kamar faɗi-tashi da shige-da-fice.

Wata yayarmu ta yi tambaya mai kyau, ko ba za a ɗauka shan abin sha ake nufi ba, tunda har maganar wiski, wani nau'in barasa, akwai a fim ɗin, inda baƙin suka zaci mutanen tsaunin na dafa shi a ɓoye. Yaya, "da ƙyar" ta raba gardama. Wanda ya ce ɓarawo ya sha, ba ruwa yake nufi ba. 

Inda ake son fayyace wuri sai a ƙara: sha-da-ƙyar na daji, na teku, na hamada. Masu fassara, ku gwada shi a bakin tallan fim na gaba, mu ji yadda zai zauna.