Wa ya taɓa zuba dakin (rufin kankare) da wani abu ba garanit ba?

Mai gini a Sakkwato: Salamu alaikum jama'a. Gini na ya kai lanta, wato saman ƙofa da taga, saura dakin, kuma kun san mu nan ba mu da dutsen garanit sai an ɗauko daga wajen Gusau, kuɗin tifa kaɗai ya isa ya tsayar da mutum. Birkilana yace mu sa tsakuwar marmara, jan dutsen nan namu na gida. Ni dai hankalina bai kwanta ba, iyalina ne za su kwana ƙarƙashinsa. Dan Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya.

Tsohon birkila: Wa alaikumus salam Alhaji. Na zuba da tsakuwar rafi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba kuma gidajen suna nan tsaye, amma fa ta rafi daban marmara daban. Ita marmara in ka ɗauki ɗaya ka buga da guduma ta zama gari to ka barta, bata dakin bace, ka kai ta daɓe. Sannan jar ƙasar da ke manne a jikinta ita ce babbar matsala, siminti baya kama dutse mai laka, sai an tankaɗe an wanke har ruwan ya fito garau, kuma leburori basa son wannan aikin wlh sai ka tsaya a kansu da kanka.

Maman yara: Mu abin ya same mu. Maigida yana tafiya aka zuba mana da buraguzan tsohon gini, fasassun bulo da komai aka haɗa wai ai duk siminti ne. Damina biyu kacal, ruwa ya fara ɗiga a falo, yanzu tsatsar rodi ta fito ta ƙasa jawur, filasta na ɓantarewa. Ɗakin yara mun kwashe su daga ciki. Har yau in hadari ya haɗo gabana faɗuwa yake.

Injiniya: Allah ya sawwaƙe Hajiya, kuma ki sa a zo a duba dakin ɗin nan kafin wata damina, rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yana fasa kankare. Fasasshen kankare mai ƙarfi ana amfani da shi in an niƙa an tace, sai dai yana shan ruwa sosai, shi kuwa bulo sam bai kai ba. Alhaji kai kuma kar ka yanke da ido, a kwaɓa 1:2:4, wato siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da tsakuwar taka, a zuba a ƴan akwatunan gwaji masu milimita 150, a kai lab, wato wurin gwajin kankare, a matse a kwana 7 da kwana 28. Kuɗin gwajin bai kai na tifa ɗaya ba.

Ɗan kudu: A nan na ga ana sa ɓawon ƙwarar manja, kankaren bai kai na garanit nauyi ba, mun yi murfin kwata da shi ya yi kyau. Bene dai ban gani ba.

Mai gini a Sakkwato: Na gode ƙwarai. Yallaɓai Injiniya, gwajin nan buhu nawa zan ɗiba na kai musu, kuma wankakkiyar zan kai ko yadda aka sauke ta?