Shawara kan na'urar narkar da kalsiyam don tankin murjani

Alhaji: Assalamu alaikum. Ina da tankin ruwan gishiri mai lita 600 a gida, kuma murjanin masu tauri da ke cikinsa, wato halittun teku masu rai da ke gina jikinsu da kalsiyam, sun yi girma har suna shanye kalsiyam fiye da abin da nake iya zubawa da hannu. Ina so in sayi na'urar narkar da kalsiyam, amma kafin in aika kuɗi ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga sayayya, ku auna alkalin ruwan, wato ƙarfinsa na kashe tsami, a lokaci ɗaya kowace rana kwana uku a jere ba tare da kun zuba komai ba, domin abin da yake raguwa kowace rana shi ne zai nuna girman na'urar da ta dace. Abin da ake nema shi ne kalsiyam ya tsaya tsakanin ppm 400 da 450 (wato kashi cikin miliyan), alkali tsakanin 7 da 11 a ma'auninsa na dKH, magniziyam kuma kusan ppm 1300. Aikin na'urar mai sauƙin fahimta ne: ana cika ta da tsakuwar murjani, iskar CO2 da ake tura mata daga tukunyar gas ta sauke pH na cikinta, wato ma'aunin tsamin ruwa, zuwa kusan 6.5, tsakuwar ta narke, sannan ruwan ya riƙa ɗiga cikin tanki ɗauke da kalsiyam da alkali tare.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a nan Maradi ni ba sunan kamfani nake fara dubawa ba, wutar lantarki nake dubawa. Kada ku karɓi na'urar da ba ta da bawul, wato makullin hanyar gas, mai rufe kansa idan wuta ta ɗauke. Tawa ta farko ba ta da shi, sai wuta ta tafi wata rana da azahar, famfo ya tsaya amma gas ya ci gaba da shiga, tsakuwar ta zama kamar kunu, da wutar ta dawo kuma ruwan mai tsami ya kwarara cikin tanki. Na yi asarar murjani huɗu da na shekara biyu ina reno, kuma har yau abin yana damuna. Ku haɗa bawul ɗin da na'urar auna pH, ku sa famfunan a kan batir ɗin sola. Haka kuma ku zaɓi wadda famfonta yake waje da ruwan tanki, saboda a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, alhali murjani yana son 25 zuwa 26.

Hajiya: Ni tawa Bubble Magus ce ƙirar Sin, kuma ta ishe ni. Kamfanonin Deltec da Aqua Medic na Jamus suna da suna mai kyau, sai dai ku tambayi mai kawo muku ko zai iya samo robar murfi da fankar famfo idan suka lalace. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne cika tukunyar gas, don haka na sayi biyu, ina aika ɗaya Kano ta hanyar Katsina yayin da ɗayar take aiki.

Alhaji: Na gode, Hajiya. Wasu na'urorin suna da ɗaki biyu, ko akwai amfanin ƙarin kuɗin?

Malamin kimiyya: Akwai, Alhaji. Ɗaki na biyu yana shanye ragowar CO2 kafin ruwan ya isa tanki, kuma hakan yana da muhimmanci idan tankin yana cikin ɗakin gida da ake rufe tagogi saboda sanyaya iska ko ƙurar hunturu, inda pH yake saurin faɗuwa.

Ƙaramin mamba: Iyayena, nawa tankin lita 150 ne kawai. Shin ni ma ina bukatarta?

Injiniya: A'a, ƙanena. Ka ci gaba da zuba ruwan kalsiyam da na bikabonat, mai ƙara alkali, daban-daban, kuɗin kuma ka sa su a kayan awo masu kyau da matatar ruwa.

Alhaji: To, zan fara awon gobe da safe in Allah ya yarda, ranar Alhamis kuma in kawo muku lambobin.