Neman shawara: kullum ina yi wa 'yan ƙwallon ragata gyara, amma kuskuren na nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare, ina horar da samari 'yan shekara 15 zuwa 17 ƙwallon raga. Karɓar sabis, wato bugun farko da ake aiko ƙwallo da shi daga bayan fili, ita ce ke kayar da mu, ga kuma masu jefa sabis cikin raga. Duk wanda ya ɓata ina yi masa magana nan take, har muryata kan dushe, amma gobe sai ya maimaita. Yaya ake gyaran da ke shiga?

Wani tsohon koci:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ce ta yi yawa. Yaron da ƙwallo ta kuɓuce masa ya riga ya sani, dalilin ne bai sani ba. A karɓar sabis, ko dai ƙafarsa ba ta kai shi bayan ƙwallon ba sai ya miƙa hannu gefe, ko gwiwar hannunsa ta lanƙwashe ƙwallon ta bugi wuyan hannu maimakon sangalin hannu, ko kuma yana wurga hannayen sama da ƙarfi har ta tsallake raga ta koma wa abokan karawa. Ka tsaya ta gefensa, ka kalli karɓa biyar ba ka ce uffan ba, sannan ka zaɓi abu guda. In da matsalar ƙafa a ciki, fara da ita, don sau da yawa hannun kan daidaita da kansa in ƙafa ta isa da wuri. Ka faɗa masa da kalma biyu: "ƙafa tukuna", ko "miƙe gwiwa". Wannan kalmar za ka riƙe masa har mako ya ƙare, kada ka ɗora wata a kai.

Wata mai horar da 'yan mata:
Malam, ka daina cewa "kar ka buga raga". Ka ambaci raga, hankalinsa ya tafi can. Ka ce "kai ta layin baya", ka ajiye jarka ko tsumma a kusurwar da kake so ya nufa. Mafi yawan sabis da ke shiga raga tun daga cillawa ta lalace. In ya cilla ƙwallon gaba da yawa, sai ya bi ta yana sunkuyawa ya buge ta ƙasa-ƙasa. Sa shi ya cilla sau goma ba duka, ƙwallon ta riƙa faɗowa gaban ƙafarsa ta ɓangaren hannun da yake bugu da shi. In filinku a waje yake, lokacin hunturu iska na karkatar da ƙwallo, don haka ya rage tsayin cillawar.

Kuma kafin ka gyara, tambaye shi: "Ina ka ji ta taɓa hannunka?" Ranar wasa ba ka cikin fili, dole ya iya gano abin da kansa. Yabo ma ya zama mai suna. "Madalla" kawai ba ta koyar da komai, amma "madalla, ka isa kafin ƙwallon" ta nuna masa abin da zai sake yi.

Wani ɗan ƙungiya:
A haɗa da lissafi. Kowace karɓa a ba ta maki: 3 in ta je hannun seta (mai ɗaga ƙwallo ga wanda zai kai hari) daidai, 2 in ya ɗan matsa amma zai iya shirya hari, 1 in sai dai a tura ta haka nan, 0 in ta faɗi. Wani yaro ya riƙe takarda, a rubuta karɓa 20 ga kowa. Bidiyon waya ma na aiki, amma a nuna masa nan take, daƙiƙa kaɗan.

Wani alƙalin wasa:
Ranar gasa daban take. Hutu biyu kake da shi a kowane zagaye, daƙiƙa 30 kowanne, ba a koyar da riƙon hannu a ciki. Faɗi inda za a kai sabis da wanda za a tsare a raga, shi ke nan. Bayan usur mai sabis na da daƙiƙa 8, kada ka cika masa kunne a lokacin. Kuma in ka cire yaro nan take bayan ya ɓata, sauran za su fara gudun ƙwallo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwai wani da in na gyara masa gaban 'yan'uwansa sai ya yi fushi ya daina ƙoƙari.

Tsohon koci:
Kira shi gefe lokacin shan ruwa, ka rage murya, ka fara da abin da ya yi daidai, sannan gyara ɗaya. Ku shirya wata alama tsakaninku, misali ka taɓa gwiwar hannunka, yadda zai gane daga nesa ba wanda ya ji. In kuskuren na mutum uku ko fiye ne, tsayar da atisayen ka gyara wa kowa ba tare da kiran suna ba.