Ina son in zama likitan dabbobi, amma Kemistiri da Fiziks sun tare mini hanya: ku ba ni shawara

Abban Hanifa, Yalwa, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa komai ba. Yau dai abin ya ci ni, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Shekarata 31, ina da mata da yara biyu. Na gama sakandare a 2012. Sakamakona na WAEC: Turanci C6, Lissafi C5, Bayoloji C4, Aikin Gona B3, Kemistiri D7, Fiziks E8. Ba uzuri nake kawowa ba, amma tun daga aji huɗu har muka fita ba mu taɓa samun tsayayyen malamin Fiziks ba, sai 'yan bautar ƙasa, wannan ya tafi wancan ya zo. Bayan nan na yi satifiket, na ɗora da difloma a kan lafiyar dabbobi, na fita da kiredit na ƙasa.

Shekara tara ke nan ina tsaron shagon maganin dabbobi. Ina zuwa rugage wajen Soro da Alkaleri, ina allurar ciwon huhu, ina ba da maganin hanta da sammore, masu kaji kuma suna kirana in fakat ta shigo. Fulani "likita" suke ce mini, ni kuma duk sanda suka faɗa sai in ji kamar na sa rigar aro. Bara da damina aka kira ni cikin dare, saniya ta kasa haihuwa. Ina sa hannu na gane ɗan ya yi mata girma, sai dai a yi mata aiki. Na san abin da ya kamata a yi, amma ban iya ba, kuma ba hurumina ba ne. Kafin likita ya iso da safe maraƙin ya mutu. Tun ranar zuciyata ta kasa kwanciya.

Na karanta a intanet cewa a Amurka suna duba shekarun da mutum ya yi yana aiki da dabbobi, da wasiƙar shaida daga likitoci, ko da makinsa ya yi ƙasa. Shin in na samo irin wannan wasiƙa za ta taimake ni a nan? Diflomata za ta shigar da ni aji biyu na jami'a kai tsaye? Kuma don Allah ku gaya mini gaskiya, ko na makara?

Maman Khalid:

Wa alaikumus salam. Makara kam ba ka yi ba, gemu ba ya hana ilimi. Allah Ya buɗa. Bari masana su zo.

Likita daga Gombe:

Ƙanena, zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba, amma gara ka ji shi yau da ka ji shi bayan ka kashe kuɗin fom.

Abin da ka karanta game da Amurka haka yake a can, domin su sai mutum ya yi karatun jami'a tukuna yake neman makarantar likitan dabbobi, kuma akwai masu zama su karanta labarinsa da wasiƙunsa. Nan ba haka ba ne. Tun 2017 duk gurbin jami'a ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake bi, ita kuwa manhaja ba ta san ka taɓa kwana a ruga ba. Abin da take gani shi ne sakamakon sakandare, da makin JAMB, da makin tantancewar jami'a. Ko ni na rubuta maka wasiƙa, ko shugaban tsangaya, babu gurbin da za a liƙa ta. Saboda haka ka daina tunanin yadda za ka rufe D7 da E8 da ƙwarewa. Ba sa rufuwa, gogewa ake yi.

Ana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks. Kiredit daga A1 ne zuwa C6, D7 da E8 ba sa ciki. Aikin Gonan da ka ci B3 ba zai tsaya a madadin ɗaya daga cikinsu ba. Kuma ba a haɗa zama fiye da biyu. Kana iya sake Kemistiri da Fiziks ka haɗa da na 2012, amma da ni ne, duka biyar zan sake. Dalili biyu: wasu jami'o'in suna mayar da sakamakon sakandare maki su haɗa da na JAMB, ka ga C6 da C5 ɗin nan za su ja ka ƙasa, na biyu, in aka zo tsefe masu maki kusa da juna, mai zama ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Akwai WAEC ta masu zaman kansu da NECO ta waje, ba sai ka koma ka sa yunifom ba.

Batun difloma, kafin in ce komai, ND ce, wato difloma ta ƙasa wadda NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ta amince da ita, ko kuwa diflomar da makarantar ke bayarwa da sunanta kawai?

Abban Hanifa:

Dakta na gode. Na je na ɗauko takardar. Ba a rubuta ND ba, difloma ce kawai ta makarantar.

Likita daga Gombe:

To abin da na yi zargi ke nan. Cire ta daga lissafi. Ko masu ND ta gaske galibi kiredit na sama ake nema a wurinsu, kuma su ma sai sun cika kiredit biyar ɗin nan. Hanyarka biyu ce: JAMB ka fara daga aji ɗaya, shekara 6, ko ka yi IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ka ɗauki Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, in maki ya yi kyau ka nemi aji biyu ta DE, wato shiga kai tsaye, shekara 5. Amma IJMB kanta kusan shekara take ci, guraben DE kuma ba su da yawa, sannan zama aji take so kullum. Mai shago da iyali kamar kai, JAMB ta fi maka sauƙi.

Abu ɗaya da ke gefenka: a jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cancanta, 35 yankin jami'a, 20 jihohin da ke baya a ilimin boko. Bauchi da Gombe duk suna cikin kason 20 ɗin, kuma muna cikin yankin Jami'ar Maiduguri. Ita da ta Ahmadu Bello da ke Zariya su ne na farko da za ka duba. Akwai kuma Sakkwato, Jos, Kano da Abuja. Kada dai ka jingina da kaso, ka nemi makin da ko ba kaso za a ɗauke ka.

Malam na Kemistiri, Azare:

Ni malamin aji ne, bari in yi magana a kan abin da na sani. Kuskuren manya irinka shi ne su sayi littafin tambayoyin baya su hau haddacewa. Yaron da ya fito aji jiya zai iya wannan, kai da ka yi shekara 13 ba ka ga alli ba, ba zai yi maka ba. Koma littafin aji huɗu na sakandare. Kemistiri, in ka gane lissafin mol da yadda ake daidaita ikweshin, rabin tsoron ya tafi. Fiziks kuwa mafi yawan masu faɗuwa ba Fiziks ke kayar da su ba, Lissafi ne: juya fomula, da sauya ma'auni. Ka ba wannan wata guda cur kafin ka taɓa komai.

JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2 a kwamfuta. Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400. Yi lissafi, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Na ga masu ilimi da kwamfuta ta kayar, ba tambaya ba. Je cibiyar gwaji ka zauna sau da yawa da agogo a gabanka.

Ka nemi malami ko ajin yamma. Za ka zauna da sa'annin ƙannenka, wasu su riƙa ce maka "Baba". Ka amsa kawai. A ajina akwai direban da ya girme ka, shi ne ma mai share allo.

Kuma kada ka tara komai shekara ɗaya. Sakamakon WAEC ba ya ruɓewa, na JAMB kuwa na shekararsa ne kaɗai. Gyara na farko, sannan ka fuskanci na biyu.

Ɗan Tike:

Ni shawarata ka shiga ta fannin kiwon dabbobi, makinsa ya fi sauƙi, in ka je aji biyu ka canza sheƙa zuwa likitanci. Wani abokina ya ce ana yi.

Ɗalibin likitancin dabbobi ɗan aji biyar:

Yaya Ɗan Tike, "ana yi" da "za a yi maka" ba ɗaya ba ne. Canjin fanni sai akwai gurbi, sai maki ya yi sama sosai, kuma D7 ɗin nan za ta bi shi har can. Na san waɗanda suka shiga da wannan niyya, yanzu sun gama abin da ba shi suka zo yi ba.

Abban Hanifa, ni abin da nake so ka sani shi ne shiga ba ita ce wahalar ba. Aji ɗaya kimiyya ce zalla, wato Kemistirin da Fiziks ɗin da ka baro suna jiranka a bakin ƙofa. Aji biyu da uku ilimin sassan jiki ne da yadda suke aiki, da Bayokemistiri, kuma ba dabba ɗaya ba: saniya, doki, akuya, kare, kaza, kowanne da nasa. Sai cututtuka da magunguna da ƙwayoyin cuta, sannan asibiti da tiyata a ƙarshe. Tsakani akwai manyan jarrabawoyi, wanda ya faɗi ya sake, ya kuma faɗi ya maimaita aji, wani ma a sallame shi. Shi ya sa wanda ya sayi kiredit a cibiyar satar amsa kansa ya cuta, Bayokemistiri za ta tona shi.

Amma fa kada ka ɗauka shekarunka tara sun tafi a banza. A ajinmu akwai masu difloma, ranar da aka fara fita wurin dabbobi mu muna zagaya sa muna neman ta inda za mu kama, su tuni sun kayar sun ɗaure. Jijiyar da muke laluba minti goma su sau ɗaya suke samu. Ranarka tana gaba, sai dai ba ita za ta buɗe maka ƙofa ba.

Baba Alhaji, Wunti:

Yaro, duk sun gaya maka yadda za ka shiga, babu wanda ya tambaye ka wa zai ciyar da Hanifa. Wannan karatu ba a yin sa ranar Asabar da Lahadi, ba a yin sa daga gida. Shekara 6 ne in babu yajin aiki. Ka tuna na 2022 wata takwas ya ci. Ka ƙara shekara ɗaya ko biyu na gyaran takarda. Kana dab da 40 za ka fito. Bautar ƙasa ma ba za ka je ba, tunda ka haura 30, takardar yafewa za a ba ka.

Ban ce kada ka yi ba. Cewa na yi ka tambayi kanka, sunan kake so ko aikin? In ci gaba kake nema a sana'arka, ga fannin kiwon dabbobi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) nan Bauchi, kana kwana a gidanka. Ga kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya a Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, wadda rigakafinta kake sayarwa a shago. Ka yi ND ka ɗora HND, wato babbar difloma. In kuwa wuƙar tiyata ce ke ranka, to babu wata hanya sai digirin likitancin dabbobi, wato DVM, da rajistar majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa. Sai ka zauna da maiɗakinka da iyayenka tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Khalid:

Baba ya taɓo inda nake jira. Ni na koma makaranta da goyo, na san abin da ake ciki. Ba ranar farko gida ke jijjiga ba, sai wata na huɗu, in buhun masara ya ƙare kai kuma kana da jarrabawa. Kada ka sanar da ita kamar labari, shawara za ka yi da ita, ka ɗora mata lissafin a gabanta: haya nawa, makarantar yara nawa, wa zai riƙe shago. In tana da sana'a, ƙarfafa ta tun bana. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, yana biyan kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa duk wata, amma na ɗalibi ne shi kaɗai, ba zai riƙe gida ba.

Mai shagon kwamfuta, Gombe:

Ƙaramin abu amma yana kayar da mutane: duba sunanka da ranar haihuwarka a NIN, su yi daidai da abin da za ka sa a WAEC, domin JAMB daga NIN take ɗauko bayananka. Masu "Muhammad" nan "Mohammed" can suna shan wahala. In sakamako ya fito ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora maka, ka tabbatar da idonka ya hau. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce kawo kuɗi a ƙara maka maki ko a sayar maka da gurbi, kashe wayarka.

Abban Hanifa:

Wallahi na rasa bakin godiya. Dakta, maganarka ta yi mini zafi daren jiya, domin na riga na sa wani likita ya fara rubuta mini wasiƙar. Da safe na kira shi na ce ya bari. Baba Alhaji, na yi wa kaina tambayarka har asuba. Aikin nake so. Amma na yarda da kai a kan abu ɗaya: zan ba kaina JAMB biyu, in ban samu ba zan nemi Vom, tunda ita ma sai da kiredit ɗin Kemistirin, ka ga gyaran bai faɗi ƙasa ba.

Na yi magana da Maman Hanifa. Ta yi shiru, can ta ce in fara cin Fiziks tukuna sannan mu yi maganar Maiduguri. Ƙanena zai fara zama da ni a shago daga wata mai kamawa don ya koyi kaya. NIN kuma na duba, ashe kuwa an juya mini suna, ranar Litinin zan je.

Malam na Azare, littafin aji huɗun da ka ce, na Lissafi zan fara saya ko na Fiziks? Kuɗin guda ɗaya ne a hannuna yanzu.

Malam na Kemistiri, Azare:

Na Lissafi. Na Fiziks akwai tsoho a wurina, bangonsa ya cire amma ciki lafiya. Zan ba direban motar Bauchi ranar Alhamis, ka je tasha ka karɓa.