Sabon gilashi na sa ni jiri, har yaushe zan jira?

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 46. Tun bara zura zare ya fara gagarata, sai na miƙa hannu can nesa kafin in hango kafar allura. Karanta saƙon waya ma haka. Nesa kuwa ina gani tar.

Na sayi gilashin karatu a kasuwa, mai lamba +1.50. Ya taimaka, amma awa ɗaya a kan keke sai goshina ya ɗau ciwo. Na je asibitin ido aka gwada ni. Hawan jinin ido babu, suga babu, shekaru ne kawai, sai dai ƙarfin idon dama ya bambanta da na hagu. Aka yanka min gilashi mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa. Kuɗin da ya ci, a bar maganar.

Yau kwana 12 ina sawa. Ɗinki ya daidaita, amma da na miƙe sai ƙasa ta yi kamar ta taso min. Jiya saura ƙiris in faɗi a matakalar masallaci. Na kira su, wai zan saba.

Masana, kwana nawa ya kamata in jure kafin in koma a sake auna ni?